Rasuwar Farfesa Mai Kujerar Baya da Ƙa'idar da Ta Bar wa Ƙasashe

Aikin farko na safiyar yau: sanar da jama'a.

Cikin alhinin da ya cika mana ƙirji, da sallama wa hukuncin Ubangiji Maɗaukakin Sarki, Hukumar Gudanarwa da ɗaukacin malamai, ma'aikata da ɗalibai na Cibiyar Nazarin Hukumomin Ƙasa da Ƙasa suna sanar da 'yan'uwa, abokan aiki da jama'a baki ɗaya cewa sun karɓi labarin rasuwar uwarsu kuma jagorarsu, wadda ta kafa wannan Cibiya ta shugabance ta har ƙarshen rayuwarta, shehiyar malama, Hajiya Farfesa, wadda masana na gida da na waje suka fi sani da Mai Kujerar Baya. Allah Ya karɓi ranta ranar Litinin da hantsi, a ɗakinta, a gaban maigidanta da 'ya'yanta, bayan gajeruwar jinya, kuma an yi mata sutura a ranar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mun san wasu za su yi mamakin yadda wannan sanarwa ta kai yau Alhamis kafin ta fito. Tun ranar Litinin na zauna zan rubuta ta, sai maigidan marigayiya, Alhaji Likita, tsohon likitan dabbobi da ya yi ritaya, ya kira ni gefe a wurin zaman makoki ya ce: "Malam Kakaki, ka dakata har a tashi daga taron Laraba. Da tana nan, ba za ta yarda ka rubuta rabin labari ba." Na yi ta tunanin ko jinkirin zai zama rashin ladabi ga mamaciya da masoyanta, na kai maganar gaban Hukumar Gudanarwa, ita kuma ta bi ra'ayin iyali. Abin da ya faru a taron na Laraba yana tafe a ƙasa, kuma shi ne ya sa muke rubuta wannan ta'aziyya da hawaye a ido amma kanmu a ɗage.

Ni da aka ɗora wa wannan rubutu ba masani ba ne. Karatuna ya tsaya a sakandare, na shigo Cibiyar nan a matsayin mai buga takardu, marigayiya ce ta yi ta ja na har na zama kakakinta. Idan bayanin aikinta ya gaza zurfin da ya dace da shi, gazawar tawa ce, kuma ina roƙon manyan malamai su cike gurbin.

Aikin da ya ɗaukaka sunan Hajiya Farfesa ya samo asali ne daga wata asara da ta gani da idonta tun tana ƙaramar malamar jami'a. Akwai babban kogi da ya ratsa ƙasashe da dama, kuma ƙasashen suna da majalisa guda, Majalisar Ƙasashen Gaɓar Kogi, wadda ke tsara lokacin buɗe madatsun ruwa da rufe su. Wata shekara aka saki ruwa ana dab da cire albasa a wata ƙaramar ƙasa da ke can ƙarshen kogin, gonaki suka nutse, manoma suka tashi da hannu biyu. Da Farfesa ta nemo rahoton zaman da aka yanke shawarar, sai ta tarar an rubuta cewa an amince baki ɗaya, har da ƙasar da ruwan ya ci. Ta bi sawu ta gano wakilin ƙasar, ta tambaye shi yadda aka yi ya yarda da abin da zai halaka mutanensa. Ya rantse mata bai taɓa jin maganar ba. Shi kaɗai ƙasarsa ta iya turawa, kwamitoci kuwa suna zama a ɗakuna daban-daban a lokaci guda. Sa'ar da aka yanke batun ruwa yana hawa na sama ana muhawarar kasafi. Dokar majalisar ita ce shugaban zama ya tambaya ko akwai mai ja, idan ba wanda ya ɗaga allon sunan ƙasarsa sai ya buga guduma, a rubuta cewa kowa ya yarda. Kujerar da babu kowa a kanta ba ta ɗaga allo. Babbar ƙasa takan zo da tawagar da za ta cika kowane ɗaki har a bar wasu a baranda suna shan shayi, ƙaramar ƙasa kuwa mutum ɗaya ne da jakarsa da ƙafafunsa biyu.

Daga nan ta ɗauki hanyar binciken da ta ba ta laƙabinta. Ta daina dogara da rahoton taro shi kaɗai. Takan nemi izinin shiga a matsayin 'yar kallo, ta wuce teburin manyan baƙi ko da an ajiye mata wuri, ta je can layin ƙarshe kusa da ƙofa, inda direbobi da masu ɗauke da jaka suke zama, ta zana ɗakin a takarda, ta riƙa sa alama duk sa'ar da wani ya fita ko ya shigo, da abin da aka yanke a tsakani. A lokacin hutu takan tsaya da tafintoci da masu raba ruwa, domin a cewarta su ne ba sa barin ɗaki. Ta yi haka shekara da shekaru, a majalisar kogi da wasu hukumomin ƙasa da ƙasa masu kula da ciniki, lafiya da sufuri, har ta tabbatar da hujja cewa yawancin abin da ake kira amincewar kowa a irin waɗannan wurare amincewar waɗanda suka samu damar zama ne kawai. Duk sabon ɗalibin da ya zo Cibiyar nan ya ji wannan gargaɗi daga bakinta tun ranar farko: "Ɗana, kada ka kalli mai magana, shi an riga an rubuta abin da zai faɗa. Ka kalli ƙofa."

Ba a karɓi aikin da hannu biyu ba tun farko. Wata babbar mujallar masana ta dawo mata da maƙalarta ta farko da sharhin cewa wannan ba bincike ba ne, gulmar baranda ce. Ta sa aka yi wa sharhin firam ta rataye shi a bayan ƙofar ofishinta, kusa da ƙusar da take rataye mayafi, kuma yana nan har yanzu. Amma da littafinta a kan kujerun da babu kowa ya fito, aka fassara shi zuwa harsuna da dama, ya shiga manhajar jami'o'i a nahiyoyi daban-daban, ya zama da wuya ɗalibi ya rubuta kundin digirin digirgir a kan yadda ake tafiyar da hukumomin duniya bai ambace ta ba, ko don ya goyi bayanta ko don ya yi jayayya da ita, kuma ta fi murna da masu jayayyar. Mujallar da ta kira aikinta gulma ta dawo daga baya ta roƙe ta ta shiga cikin masu tace mata maƙaloli. Ta karɓa, ba ta kuma taɓa tuna musu ba, sai dai ba ta sauke firam ɗin ba. Ɗalibanta a yau suna koyarwa a jami'o'i, wasu jakadu ne, wasu suna ba ministoci shawara, kuma akan gane su a kowane zaure domin da sun shiga sukan fara ƙirga kujeru kafin su gaisa da kowa.

Hajiya Farfesa ba ta tsaya ga rubutu ba. Abu biyu ta nema. Na farko ta same shi tun tana raye: ta koya wa wakilan ƙananan ƙasashe abin da ta kira tsaron kujera, wato su haɗa kai, kowa ya san ɗakin da ɗan'uwansa yake, idan aka taɓo batun da ya shafi wanda ba ya nan sai na kusa ya ja hankalin zama ko ya kira shi a waya. Wannan shiri ne na zumunci tsakanin wakilai, babu shi a doka, kuma shugaban zama yana iya yin biris da shi. Na biyu shi ne ta ga abin ya zama doka a majalisar kogi, inda labarin ya fara: kada a buga guduma a kan wani batu alhali kujerar wata ƙasa babu kowa saboda wakilinta yana wani zaman a cikin ginin, sai an kira shi ko an jira shi. Ƙa'ida ce da ba ta cika layi uku ba, amma ta ci mata sama da shekara ashirin na rubutu, lacca da bin ofisoshi. Wanda ya ɗauki nauyin gabatar da ita tsohon ɗalibinta ne, wanda yanzu shi ne wakili tilo na ƙasar nan da ruwa ya ci wa albasa, wanda abokan aikinsa ke kira Sarkin Gudu saboda yadda yake tsere tsakanin ɗakunan taro. Marigayiya ce ma ta fara ba shi shawarar ya bar takalmin fata ya koma na roba. An sa batun a ajandar ranar Laraba. Ta sayi tikitin jirgi, ta sa an goge mata kayan tafiya. Allah bai nufa za ta je ba.

Abin da zan faɗa yanzu na samo shi ne daga faifan zaman, wanda na saurara na kuma sake saurara don kada in ƙara ko in rage, da kuma bakin Jakadiyar wata ƙaramar ƙasa maƙwabciya wadda ta kira mu da yammacin jiya. Na yi shakkar ko irin wannan bayani ya dace da takardar ta'aziyya, amma iyali sun ce a saka, Hukumar Gudanarwa ma ta ce a saka.

Da aka buɗe zaman kwamitin dokoki, Shugaban zama, dattijo mai mutunci wanda ya san marigayiya tun da daɗewa, ya sanar da rasuwarta, ya nemi a tashi tsaye a yi shiru don girmama ta. Aka yi. Da aka zauna, cikin kyakkyawar niyya, ya ce a ganinsa bai kamata a yi ta ja-in-ja a kan aikin baiwar Allah ba alhali ƙasar kabarinta ba ta bushe ba, don haka yana ba da shawarar a ɗage batun zuwa babban zama na gaba. Babban zama na gaba kuwa sai bayan shekara uku, lokacin da wa'adin yawancin wakilan da aka sha wahalar shawo kansu ya ƙare, an turo sababbi da ba su san zancen ba. Ɗagewar nan da kashe batun duk ɗaya ne. Shi kuma Sarkin Gudu ba ya ɗakin. Yana hawa na ƙasa, inda kwamitin ruwa yake tsara ranakun buɗe madatsu na bana, wurin da ba zai iya bari ba ko da minti ɗaya. Shugaba ya ɗaga guduma ya tambaya ko akwai mai ja. Zaure ya yi tsit, domin ba wanda yake so a ce shi ne marar kunyar da ya yi gardama a kan girmama mamaciya.

Sai Jakadiya ta miƙa hannu ta ɗauko allon da ke gaban kujerar maƙwabcinta, Sarkin Gudu, ta haɗa da nata, ta ɗaga su biyu. Shugaba ya ce, "Ranki ya daɗe, allo ɗaya kowa yake ɗagawa." Ta ce, "Ɗayan ba nawa ba ne, ranka ya daɗe, na ƙanena ne, yana ƙasa yana rigimar ruwa. Ka dubi kujerarsa. Matar nan ta ƙarar da ƙuruciyarta da tsufanta tana roƙonmu kada mu yi abin da muke shirin yi yanzu, kuma wai da sunanta za mu yi shi? Wallahi da tana layin baya, da tuni ta sa mana alama a takarda." A faifan ana jin wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Sai aka ji ƙarar ajiye guduma a kan tebur, Shugaba ya ce, "A kira shi." Jakadiya ta buga masa waya, wani wakilin da ke tsaron kujera a hawa na ƙasa ya roƙi kwamitin ruwa ya ɗan dakata, suka dakata. Can sai ga Sarkin Gudu ya faɗo zaure yana haki, katin wuyansa ya juya baya, ya kama makirufo ya ce, "Ina ja. A ba ni ruwa tukuna, amma ina ja." Zaure ya fashe da dariya, har da masu share hawaye. Da ya sha ruwan ya yi magana gajeruwa: ya ce malamarsa ba ta taɓa neman a yi mata shiru ba, abin da ta nema shi ne a daina ɗaukar shiru a matsayin yarda, don haka yana roƙon a kaɗa ƙuri'a a yau.

Aka kaɗa. Ƙa'idar ta wuce da rinjayen da ko mu a Cibiyar nan ba mu yi zato ba, har da ƙuri'un wasu manyan ƙasashe da muka ɗauka za su ƙi. Wakilin ɗaya daga cikinsu ya faɗa a fili cewa littafin marigayiya ya karanta ya ci jarrabawa, ba zai iya kallon ɗalibanta ya ce a'a ba. Kafin ya buga gudumar ƙarshe, Shugaban zama ya cire tabarau ya bi layukan kujeru da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Na tsufa ina buga abin nan, ban taɓa ɗaga kai na nemi wanda babu ba. Yau na fara." Daga yanzu, babu manomin da za a sake rubuta wa yarda a majalisar nan alhali wakilinsa yana wani ɗaki. Wasu hukumomi biyu sun riga sun aiko suna neman kwafin ƙa'idar. Wannan nasara ce ta Hajiya Farfesa, nasara ce ta ilimi, kuma muna shelanta ta da babbar murya ko da muna cikin makoki.

Da muka kai wa Alhaji Likita labarin jiya da yamma, yana zaune a falo cikin surukai da jikoki, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, ta ci. Ni dai na daɗe da sanin dokar nan, a kaina aka fara gwada ta. Mun yi wata da watanni da bangon falon nan babu fenti, wai ba za a zaɓi launi ba sai auta ya dawo hutu an ji ta bakinsa." Babbar 'yarsu, Injiniya, wadda ta riƙe gida da ƙannenta duk lokacin da mahaifiyarsu take tafiye-tafiye, ta ce, "Baba, ai kai ka ce shuɗi, auta ya zo ya ce shuɗi, Mama ta ce to yanzu an amince baki ɗaya." Aka yi dariya, aka yi kuka, aka yi addu'a.

Ga Alhaji Likita, ga Injiniya da ƙannenta, ga jikokin da ke kiranta Kaka Mai Akwati, ga ƙannen marigayiya da dukkan dangi na kusa da na nesa, Cibiyar Nazarin Hukumomin Ƙasa da Ƙasa tana miƙa ta'aziyyarta da kuma godiyarta, domin mun san duk ranar da ta yi a layin bayan wani zaure a wata ƙasa, a gidanku aka bar kujera babu kowa, kuka haƙura, kuka ara wa duniya ita ba tare da ƙorafi ba. Muna roƙon Allah Mai rahama Ya gafarta mata kurakuranta, Ya haskaka makwancinta, Ya sa ilimin da ta bari ya zama mai gudana a gare ta, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarta, Ya ba ku da mu juriyar wannan babban rashi, Ya kuma kyautata namu ƙarshen idan lokacinmu ya zo. Muna miƙa irin wannan ta'aziyya ga ɗalibanta a duk inda suke, ga Jakadiya da Sarkin Gudu, da manoman gaɓar kogi waɗanda yawancinsu ba su taɓa jin labarinta ba.

Wasu masoya sun ba da shawarar a kewaye kujerarta da ke layin ƙarshe na zauren Cibiya da igiya, a manna mata allon tunawa, kada kowa ya sake zama a kai. Mun kai maganar ga Alhaji Likita, ya girgiza kai ya ce, "Matar da ta yi yaƙi da kujera babu kowa, ita za ku saka wa da kujera babu kowa? Ku sa mutum a kai." Hukumar Gudanarwa ta karɓi wannan.

Marigayiya ba ta yarda takarda ta fita daga Cibiyar nan ba tare da an faɗi abin da ya rage ba. Na bi tsarinta, na jera shi a ƙasan sa hannu.

Sa hannu:
Malam Kakaki,
Jami'in Yaɗa Labarai kuma Kakakin Cibiyar Nazarin Hukumomin Ƙasa da Ƙasa,
a madadin Hukumar Gudanarwa.

Abin da ya rage na gobe:

1. A buɗe littafin ta'aziyya a ƙofar zaure, a ajiye biro fiye da ɗaya.
2. A aika wa hukumomin nan biyu kwafin ƙa'idar, bayan an sake duba fassarar.
3. A raba ɗaliban da take duba kundinsu ga sauran malamai, amma kada a yanke sai kowane ɗalibi yana wurin.
4. A mayar wa Injiniya mayafin da ke bayan ƙofar ofis. Firam ɗin ya zauna inda yake.
5. A soke tikitin jirgi.
6. Majalisar kogi za ta yi wani ƙaramin zama wata mai zuwa. A fitar da wanda zai je ya zauna a layin baya, ya kalli ƙofa, ya ga ko da gaske ana jiran wanda babu.